Shekarar da Aka Sa Durun a Ƙarshe

Bazarar bana ta zo da mugunta. Ruwan randa tun da hantsi kamar an ɗora shi a wuta an sauke, kaji sun hangame baki a gindin katanga, mu kuma mun fito da tabarmi tsakar gida muna fifita har hannu ya gaji. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas ya yi baƙi ƙirin, a ruga a kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da yashi a ido. A irin wannan yammacin ne aka yi sallama a ƙofar gidanmu a Kabo. Maigidana ya fita ya dawo, ya ce wai Malam Habu ne na Gwarzo, ya samu kujerar Makka, yana zagayen neman gafara. Ina jin sunan sai zafin garin ya koma cikina. Na ce a shimfiɗa masa a zaure ina zuwa, na kuma ɗauki lokacina wajen neman mayafi. Mutumin da ya sa na yi irin jiran da na yi, ba laifi ba ne shi ma ya ɗan jira.

Malam Habu shi ne mai buga takardu a wani ofishin gona da na yi aiki a Gwarzo, a shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a. Lokaci ne na tsuke bakin aljihu. Takarda sai an rubuta gaba da baya, baburan malaman gona suna jingine a bayan sito babu taya, shayin safe ma an daina. Ni kaɗai ce mace a ofishin, don haka aka mayar da teburina bayan kabad aka rataya labule. Wannan bai dame ni ba, na ma samu sakewa. Abin da ya ɗaure ni shi ne dokar da manajanmu, Alhaji Ɗahiru, ya kafa cewa ba zan zauna a ofis bayan an tashi ba, kuma ba a ba ni mukulli. In aka rufe, sai in nufi tasha in hau motar Kabo kafin rana ta faɗi.

Kwamfuta ɗaya ce tal a ofishin, a kan teburin Malam Habu. Ta gwamnati ce a takarda, amma a zuciyarsa gadon ubansa ce. Matarsa ta ɗinka mata riga da wani yadi mai furanni, da safe ya tuɓe mata ya ninke, da yamma ya mayar. In zan taɓa ta sai ya fara duba hannuna, wai ko na ci ƙosai. Shi aiki a wajensa shi ne abin da ake ji yana ƙas-ƙas kuma takarda ta fito da ɗuminta a kai wa Alhaji ya sa hannu. Duk abin da ba haka ba, wasa ne da kayan hukuma.

Nawa aikin kuwa ba haka yake ba. Damina uku muka yi muna gwajin irin dawa a Garo da Sabon Birni da Durun, muna neman wanda zai tsere wa ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke liƙe wa saiwar dawa ta tsotse ta. A Durun, garinmu, babu wanda ya yarda ya ba da gonarsa, sai mahaifina. Ya ba da wadda ta fi kowacce kyau, ta bakin hanya, muka yanka ta gida-gida muka kafa turaku masu farin fenti, kowanne da lambarsa. Mutane suka samu abin dariya. In Baba ya wuce majalisa sai a ce ga mai gonar lamba, wasu su tambaye shi ko bana ma turakun za a girbe. Bai taɓa tanka musu ba. Ni kuma tun daga lokacin ya daina kirana Saude, sai Malamar gona, har a gaban baƙi. Ina jin daɗin sunan nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Matsalar ita ce daminun nan uku ba su yi kama da juna ba. Ta farko ruwa ya yi yawa, ta biyu aka yi fari, ta uku ruwa ya ɗauke da wuri. Irin da ya yi fice a wannan shekara sai ya kunyata mu a waccan. Da na kai wa malamina na jami'a kukana, sai ya rubuta min wani dogon jerin umarnin lissafi a faifan kwamfuta. Abin da lissafin yake yi shi ne ya ɗauki awon amfanin kowane iri, ya haɗa da tarihin ruwan sama na shekaru masu yawa, ya yi ta gwada irin a damuna kala-kala har ya gano wanda ba ya cika faɗuwa a ƙasar kowane gari. Sai dai ya gargaɗe ni da abu biyu. Lissafin yana cin yini da kwana, kuma ba ya rubuta amsa sai ya kai ƙarshe. In aka katse shi ko da saura ƙiris ne, sai a koma fari. Ya koya min yadda zan tura shi baya, baƙar tagar da yake gudana a ciki ta naɗe ta koma ɗan ƙaramin akwati a ƙasan allo, wani ya ci gaba da buga wasiƙarsa a gaba. Alamar lissafin yana raye ita ce wata 'yar jar fitila da ke ƙiftawa a jikin injin, da ɗigo da ke ƙaruwa jefi-jefi in ka buɗe tagar.

Irin kuwa yana nan a sito, buhu-buhu, kowanne da lambarsa. Alhaji Ɗahiru ya ce ba zai sa hannu a fitar da ko mudu ba sai takardar sakamako tana gabansa, kowane gari da irin da ya dace da shi.

Bazarar shekarar ta fi ta bana zafi, ko kuma ni ce na fi jin ta. Ranar Asabar nakan je Durun. Rijiyar unguwarmu ta ƙafe, mata na tafiya har bakin rafi suna tonon yashi, su zauna jiran ruwa ya tsatso cikin ƙwarya. Rumbu ya yi ƙasa sosai, in Inna ta zura hannu sai ta shiga har kafaɗa. An koma tuwo sau ɗaya da daddare, da safe kunun tsamiya babu sukari, da rana kowa ya nemi inuwa ya yi haƙuri da ɗanyen mangwaro. Baba da ƙannena sun gama sassabe, sun ƙone kara, suna ta jidar taki a mangala. Wasu maƙwabta har sun yi binne, sun zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran Allah. Gonar bakin hanya ce kaɗai a tsaye da turakunta, ba a san abin da za a sa mata ba.

Wata Asabar bayan mun sha kunu, Baba ya kira ni gindin ɗorawa.

"Malamar gona, ina amsar?"

"Baba, injin yana kan yi."

"Tun kaka yake kan yi. Ke da kika auna da hannunki, ai ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ki faɗi ɗaya kawai mu shuka."

"Ko na faɗa ba za su ba da irin ba, Baba, sai da takarda."

Ya daɗe yana kallon gabas. Sannan ya ce, "To ki ji da kyau. Damina uku na ba ku, yaran gidan nan suna cin rabi. In ruwan shuka ya sauka kin zo da iri, gonar nan duka taki ce, a zuba shi daga wannan iyaka zuwa waccan. In kuma ya sauka ba ki zo ba, zan tuge itatuwan nan in sa dawata kaura ta gado. Ba na faɗa sau biyu."

Na san shi. Bai taɓa faɗar magana sau biyu ba.

To ga yadda wuta take a ofis. Janareta ana tayar da shi da safe a kashe da azahar, saboda man gas an ƙayyade. Wutar gwamnati kuwa baƙuwa ce, ba ta sanar da zuwa, ba ta sallama in za ta tafi. Akwai wani akwatin batir da ke riƙe injin na ɗan lokaci yana kuka kamar ɗan tsako, kafin ka gama alwala ya mutu. Na tayar da lissafin ya fi a ƙirga. Wata rana aka yi sa'a wuta ta zo kafin a kashe janareta, na roƙi Malam Habu ya bar injin a kunne, na tafi Kabo da murna. Washegari na tarar da kwamfutar sanye da rigarta mai furanni, a kashe, sanyi ƙalau.

"Malam Habu, ba na ce kada a kashe ba?"

"Malama Saude, ni tunda nake ban taɓa barin kayan wuta a kunne na tafi gida ba. In ta kama da wuta wa za a tambaya? Ke kina Kabo kina barci."

"Aiki take yi!"

"Wane aiki? Na tsaya a kanta ina kallo, ko motsi babu."

Da na ga yini da kwana ba zai taɓa samuwa ba, sai na zauna da jerin umarnin ina bin sa layi-layi ni kaɗai, domin malamina yana nesa kuma wayar hannu ba ta iso mana ba tukuna. Na yanka lissafin gida uku, kowane gari da nasa, ko wanne ya gama ya ajiye amsarsa kafin a shiga na gaba. Da na gwada sai na ga kowane kashi yana son daga safe zuwa la'asar. Tsakanin azahar da la'asar ɗin nan, nan yaƙin ya koma.

Na je na samu Alhaji Ɗahiru, na gaishe shi, na tambayi iyali da gajiya da zafi, sannan na faɗi buƙatata. Ya ce shi bai hana aiki ba. Matuƙar akwai ma'aikaci zaune yana aiki a kan injin, janareta na iya kaiwa la'asar. Amma ba zai ƙona man hukuma don na'urar da babu kowa a gabanta ba.

Na ce to. Washegari da azahar ta yi, na ja kujera na zauna gaban kwamfuta na fara danna madannai. Ban buɗe komai ba, domin duk abin da ka buɗe yana rage wa lissafin gudu. Haka na zauna, mace da digirinta, gumi na bin bayana cikin hijabi, kwanon rufi na ƙara don zafi, ina ƙas-ƙas a kan babu, don aikin gaskiya da ke ɓoye ya samu ya numfasa. Ina yi ina satar kallon jar fitilar. Yatsuna sun yi ciwo, amma in na tsaya mai gadi zai leƙo ya ce a kashe. Dabarar ba ta ko kai la'asar ba. Malam Habu ya zagayo ta bayana a hankali ya tsaya, sai na ji dariyarsa.

"Ikon Allah! Jama'a ku zo ku ga aiki. Allo fayau, hannu na ta gudu!"

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Lokacin ana ta maganar irin abubuwan banza da ake ɓoyewa a cikin kwamfutoci, har a huɗuba ana ambata. Malam Habu ya ɗauki zancen ya kai masallacin ofis, ya kai wajen mai shayi, cewa akwai abin da nake ɓoyewa a bayan injin, abin da ba ya son a gan shi. Wai in abin arziki ne me ya sa ake naɗe shi? Ya ƙara da cewa ko ma lissafin ne, ai gonar ubana nake wa hidima da man gwamnati. Ban taɓa tsanar mutum irin yadda na tsane shi a makon nan ba. 

Alhaji ya tara mu a gaban injin, har da wani dattijo da ke jan mu sallah, ya ce in buɗe abin da na ɓoye. Na buɗe. Baƙar taga ta fito da layin ɗigo-ɗigo. Suka sunkuya suna kallo. Can sai ɗigo ɗaya ya ƙaru.

Dattijon ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, Malam. Kowane ɗigo damuna ce da ya gama gwadawa."

Ya miƙe ya ce shi bai ga haram a nan ba, bai kuma ga wani abu ba, ya yi tafiyarsa. Malam Habu ko kunya bai ji ba, ya ce ai dama ya faɗa, babu komai a ciki. Alhaji ya yi gyaran murya ya yanke hukunci irin na manya, wanda kowa zai samu rabi. Za a ba ni janareta zuwa la'asar, amma a ranakun da babu wasiƙu da yawa, kuma ba sai na zauna ina wasan yara ba. Don a toshe bakin masu magana kuwa, a fara da Garo, a bi da Sabon Birni, Durun ta zo ƙarshe.

"Ranka ya daɗe, Durun ce ke da wa'adi. Mahaifina ya ce..."

"Shi ya sa, Malama. Mahaifinki ne."

Ranakun da babu wasiƙu da yawa, Malam Habu ne ke faɗar su. Sai ya zama kullum akwai wasiƙu. Takardar neman hutu, takardar godiya, takardar tunatarwa a kan takardar da aka aika bara. In lissafin na gudana a baya haruffan Malam Habu na ɗan jinkiri kafin su fito, sai ya yi ta tsaki yana dukan tebur, yana cewa na sa wa injinsa ciwo. A haka, da ja da tsaki, Garo ta fita. Bayan kwanaki Sabon Birni ma ta fita. Na ga motar ofis ta ɗauki buhuna ta tafi da su, na tsaya a bakin taga ina kallo, ban ji daɗin komai ba. A Kabo an fita roƙon ruwa, maza da yara a filin idi, tsofaffi na kuka. Ni kuma, Allah ya yafe min, ina cewa amin da baki, zuciyata na roƙon a ɗan ƙara mana kwana biyu.

Ranar Durun ta faɗo Alhamis. Tun safe garin ya yi wani irin shiru, iska ta tsaya cik, tururuwa na ta jidar ƙwai a gindin bango. Na tayar da lissafin, na tura shi baya, na koma bayan labulena ina leƙen fitila. Ɗigo na ta taruwa. Da aka kira azahar na duba, ya wuce rabi da nisa. Ofishin ba shi da wurin sallar mata, gidan wata tsohuwa nake shiga a maƙwabta. Kafin in fita na tsaya a gaban teburin Malam Habu, na sauke murya ƙasa yadda ban taɓa yi masa ba.

"Malam Habu, don girman Allah, wannan ne na ƙarshe. Kada a taɓa. Daga yau ba za ka ƙara ganina a kan injin nan ba."

"Ki je ki yi sallarki, Malama."

Ina cikin sallah na ji ƙarar janareta ta ɗauke. Ban san yadda na idar ba. Na fito da gudu, takalmi a hannu, ƙasa na ƙona min tafin ƙafa. Na tarar da shi yana gyara wa kwamfutar rigarta, yana ja mata gefe don ta zauna daidai. A kan tebur ga wata takarda sabuwar bugawa, ta gayyatar walimar saukar karatun ɗan Alhaji.

"Me ka yi?"

"Alhaji ya ce a buga wannan da gaggawa, injin kuma na ta jan ƙafa. Na buɗe tagar taki na duba, na daɗe ina dubawa, ba ta komai. Na rufe na yi aikina. Da na gama babu sauran aiki a kan inji, doka kuma kin san ta."

Abin da na faɗa masa a ranar ba zan maimaita ba, amma har mai gadi sai da ya shigo. Na ce a sake tayar da janareta. Aka ce Alhaji ya fita, mukullin ɗakin janareta na aljihunsa. Ko da an tayar ma, daga fari za a koma, kuma ni ba ni da izinin kaiwa magariba a ofis. Gobe Juma'a, tun kafin azahar ake rufewa. Asabar da Lahadi babu aiki.

Ina cikin motar Kabo iska ta taso mai sanyi, mai ƙanshin ƙasa. Kafin mu kai rabin hanya ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Fasinjoji suka ɗauki kabbara, direba na dariya, wata tsohuwa ta zura hannu ta taga ta tari ruwan ta shafa a fuska. Ni na juya kaina ga gilashi na yi kukana, babu wanda ya lura.

Da sassafe na isa Durun. Duk gari ya fita gona. Ƙasa ta yi laushi, ƙafa na nutsewa, ko'ina sai ƙarar sungumi da muryoyin mata masu bi suna jefa iri suna takewa da diddige. Na hango Baba a gonar bakin hanya, ya ɗaure riga a ƙugu. Babu turke ko ɗaya. Gonar ta koma shimfiɗa guda, kamar ba a taɓa auna komai a cikinta ba.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa bai daina sara ba.

"Baba, ka ba ni zuwa Litinin. Wallahi saura kaɗan ya rage aka kashe min."

"Ƙasa ba ta san Litinin ba. Zuwa jibi ta bushe."

"Ko rabin gonar ne ka bar min."

Sai a lokacin ya tsaya ya dube ni. Babu fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi min sauƙi. Ya ce, "Saude, je ki gida ki taya innarki aiki. Masu shuka za su dawo da yunwa."

Na shiga gida na tarar da Inna a bakin murhu. Itacen gidan duk ya jiƙe, sai turakun da Baba ya tuge tun hadari na haɗowa ya jibge a rumfa. Su take turawa ƙarƙashin tukunya. Farin fentin na kumbura yana fashewa, lambobin da na rubuta da hannuna na baƙi ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Ungo muciya, hannuna ya gaji." Na karɓa na tuƙa tuwon.

Ranar Litinin na sake tayar da lissafin, na zauna a gabansa ban ko tashi shan ruwa ba, sallah ma a bayan labule na yi ta. Da la'asar amsa ta fito. Wata gajeruwar dawa ce mai saurin nuna, wadda mutanen Durun suka fi yi wa dariya. Alhaji ya sa hannu, aka ba ni buhu na kai. Baba ya ce a jingine a zaure. Dawarsa ta riga ta tsiro, kuma shi ba mai tone shuka ba ne.

A daminar nan ƙuduji ya ci gonar bakin hanya yadda bai taɓa yi ba. In ka taho daga nesa sai ka ga ta yi ja kamar an shanya atamfa, dawa a tsakani ta ƙanƙance ta yi rawaya. A Garo kuwa, da nake bi ta can, gajerun zangarnu sun sunkuya don nauyi. Abin da Baba ya girba bai kai mu bazara ba. Da rumbu ya ƙare, Inna ta kwance buhun zaure, tunda ba a sa masa magani ba, ta surfa aka yi tuwo. Muka cinye. Kafin wata daminar an rufe shirin gwajin gaba ɗaya, an ce babu kuɗin ci gaba. Baba ya rayu shekaru bayan haka, muna lafiya lau da shi, yana tambayar yara yana sa min albarka. Amma bai ƙara tambayata labarin aiki ba, kuma har ya koma ga Allah Saude yake kirana.

Yanzu 'yata da ke jami'a takan tura irin wannan lissafin daga kwamfutar cinya zuwa wani inji da ba ta ma san garin da yake ba, ta rufe ta tafi wanke-wanke, ta dawo ta tarar da amsa. In wuta ta ɗauke ko a jikinta. Nakan kalle ta kawai.

To wannan mutumin ne zaune a zaurenmu. Ya tsufa, gemu ya yi fari fat, yana fifita da hularsa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi yara, na tambayi iyali, muka yi jajen zafi da jinkirin ruwa. Maigidana na gefe. Sannan ya gyara zama.

"Hajiya, tafiya ce ta taso, kuma rai ba a hannunmu yake ba. Duk abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe min don Allah."

Na ce, "Malam Habu, ka tuna tagar nan da ka rufe?"

Ya ɗan yi tunani, sai fuskarsa ta washe, har da dariya.

"Af, baƙar nan? Ai Hajiya ko a Arfa aka tsayar da ni zan faɗa, na duba ta sosai kafin in rufe. Ba ta komai."

Maigidana ya yi tari. Ni na dubi hannuwana, na ji ƙaurin fentin nan a hancina kamar yanzu ake ƙona shi.

Na ce, "Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ibada, ya dawo da ku lafiya."

Ya ce amin, ya ci gaba da zama yana jiran ragowar. Da ya ji shiru ya ce, "Yafiyar fa, Hajiya?"

"Na fara, Malam. Aiki ne mai tsawo. Ka je ka dawo."

Ya ƙura min ido ya daɗe, sannan ya juya ga maigidana ya ce shi dai bai ga alamar an fara ba.

Na miƙe na gyara mayafina. Na ce, "Ai dama kai ba ka gani."